Turken da ake ɗaure bayanai: yadda ake zaɓar babban mabuɗi

Ranar da aka sauke takin bashi a Rogo Sabon Gari, a farkon wata damina da ta wuce, ina zaune kan benci a bakin sito da kwamfuta a cinyata, sakataren ƙungiyar manoman kuma yana tsaye yana kiran suna. Ya kira wani suna, mutum uku suka miƙe. Sunansu ɗaya, sunan iyayensu maza ɗaya, biyu daga ciki ma unguwarsu ɗaya. Wannan bai dame ni ba, domin an san a rina, shi ya sa tun farko ban jingina rajistar da suna ba. Da lambar waya na jingina ta.

Can da hantsi wani dattijo ya matso yana dogara sanda, ya ce, "Sakatare, wai an ce akwai buhu biyu na bara a kaina. Ni kuwa bara ko mudu ban karɓa ba."

"Baba, yi haƙuri, zauna nan inuwa mu duba," in ji sakatare.

Muka duba. Ashe dattijon ba shi da waya, lambar babban ɗansa ya bayar ranar rajista. Ɗan kuwa tsohon memba ne, da wannan lambar aka shigar da shi, kuma shi ya ci bashin bara. Da aka zo shigar da uban, kwamfuta ta tarar lambar tana nan, sai ta ɗora sunansa a kan layin ɗan. Mutum biyu suka koma ɗaya, bashin ɗa ya hau kan uba. Sai da aka aika gida aka ɗauko tsohon littafin rasit aka bi shi shafi shafi, sannan dattijon ya sami takinsa, bayan sallar la'asar. Har yau abin yana ci mini rai, domin kwamfuta ba ta yi laifi ba. Abin da na ce ta yi, shi ta yi.

Wannan jagora ta wanda aka ɗora wa irin wannan aiki ce: rajistar ƙungiyar manoma, ko ta ɗaliban Islamiyya, ko katin marasa lafiya a ƙaramin asibiti, ko littafin bashin dilan hatsi da ya koma kwamfuta.

Mene ne babban mabuɗi

Rumbun bayanai jadawali ne jadawali. Akwai na manoma, kowane manomi da layinsa. Akwai na bashi, akwai na biya, akwai na gonaki. Layin bashi ba ya ɗauke da sunan manomi da unguwarsa, abu guda kawai yake ɗauka wanda ke nuna layin manomin. Wannan abu guda shi ake kira babban mabuɗi. Tsarin ya samo asali ne daga wata maƙala da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar a 1970, kuma a kansa PostgreSQL da MySQL da SQLite da Access suke tafiya har yanzu.

Ni dai turke nake kiransa. Kowane bashi, kowane biya, kowace gona, igiyarta tana ɗaure a jikinsa. In ka tuge turke, duk dabbar da ke ɗaure ta watse. In ka ɗaure awakin gida biyu a turke ɗaya, ka haɗa rigima.

Rumbun da kansa zai tsare maka abu biyu: ba zai bari layi biyu su ɗauki mabuɗi ɗaya ba, ba zai kuma bari a bar gurbin fayau ba. Sauran biyun naka ne, kuma su ne masu wuya: kada mabuɗin ya taɓa sauyawa, kada kuma a taɓa ba wani mabuɗin da aka taɓa ba wani, ko da mai shi ya rasu ko ya bar ƙungiya. Duk abin da za ka ɗauka ka mai da turke, yi masa tambayoyi uku. Kowa yana da shi ranar rajista? Zai iya sauyawa? A hannunka yake ko a hannun wani?

Abin da mutum ya zo da shi

Suna ya faɗi tun farko, ba don wani ya rasa shi ba, sai don yawansa. Mutum ɗaya Muhammadu ne a katin zaɓe, Mohd a takardar makaranta, Mamman a bakin abokai, Abba a gida saboda sunan kakansa ya ci. Wani ma'aikacin zai rubuta Ɗanladi da ƙugiya, wani ya rubuta ba ƙugiya, kwamfuta kuwa ta ɗauke su mutum biyu. Ka ce za ka haɗa suna da ranar haihuwa? Buɗe kowace rajista a ƙasar nan ka ƙirga masu 1 ga Janairu. Ga kuma Hassan da Usaini, rana ɗaya, uba ɗaya, gida ɗaya. Sunan gari ma ba ya rabawa: akwai Sabon Gari a Rogo, akwai a birnin Kano, akwai a Zariya. Akwai Falgore mazaɓa a Rogo, akwai Falgore mai daji can kudancin jiha.

Lambar waya ta fi yaudara, domin kama take da abin da ba shi da na biyu. Tun 2012, lokacin da shirin tallafin taki na ministan noma Akinwumi Adesina ya riƙa aika wa manoma saƙon karɓar taki ta waya, mutane suka saba ganin lambar waya tamkar shaidar manomi. Amma waya a ƙauye ta gida ce. Matar aure za ta ba da ta maigida, tsohuwa ta ba da ta jikanta, wanda ba shi da kowa a kusa ya ba da ta mai cajin waya na bakin kasuwa. Mutum ɗaya kuma yana da layi uku, yana sauyawa gwargwadon wanda ya fi sabis a gonarsa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin waya yana karɓe shi ya sayar wa wani, ka kira manominka ka ji baƙuwar murya daga wata jiha. A 2024 an rufe ɗimbin layukan da ba a haɗa da lambar zama ɗan ƙasa ba. Lambar waya haya ce, ba gado ba.

To ita lambar zama ɗan ƙasar, wato NIN, fa? Nan ne masu wannan aiki suka fi yin gardama, kuma ina ganin dalilinsu. Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ta tsara ta yadda ya kamata: lambobi 11 da ba sa nuna jiha ko shekara ko jinsi, mutum ɗaya lamba ɗaya, kuma ba a ba wani bayan mai ita ya rasu. Ga rumbun NIMC, turke ce sosai. Ga naka rumbun kuwa, a'a. Ba kowa yake da ita ranar rajista ba: jariri a asibiti, tsohuwar da ba ta taɓa zuwa ofishin rajista ba, ɗan Maraɗi da yake fataucin hatsi. Wanda yake da ita ma, yaron da ke shigarwa yana karantawa ne daga takardar da ta sha ninki a aljihu, ya ga 7 ya buga 1. Ranar da aka gano kuskuren, in ita ce turke, sai an bi kowane jadawali an kwance an sake ɗaurewa. Sannan mabuɗi yawo yake yi: yana shiga kowane jadawali, kowane rahoto, kowace takardar da aka buga aka manna a bangon ofis. Lambar NIN ko BVN ba abin da za a bari ya yi irin wannan yawo ba ne, ballantana tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023.

Kada ka ce lambar gwamnati ba ta maimaituwa a hannun mutane. A Amurka, a 1938, wani kamfanin yin walat ya saka samfurin katin inshorar jama'a a cikin kowace walat don a ga inda ake sa kati, kuma lambar sakatariyar kamfanin ta gaske aka buga a jiki. Aka sayar da walat ɗin a shagunan Woolworth. A 1943 kaɗai mutum 5,755 ne suke amfani da wannan lamba a matsayin tasu, gaba ɗaya kuma sama da mutum 40,000 suka taɓa ba da ita.

Ba cewa nake ka yar da NIN ba. Ka ba ta gurbinta ita kaɗai, ka sa mata ƙa'idar UNIQUE don kada ta shiga sau biyu, ka kuma yarda a bar gurbin ba komai ga wanda ba shi da ita. PostgreSQL da MySQL da SQLite duk suna yarda layuka da yawa su zauna ba komai a irin wannan gurbi. Ka hana ma'aikata cike shi da sifili goma sha ɗaya don fom ya wuce.

Lamba mai ba da labari

Akwai wata dabara da ofisoshi suke ƙauna, lamba irin KN/RG/SG/23/014: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, shekara, sai jeri. Tana da kyau a ido, kana gani ka san inda mutum ya fito. Matsalarta ita ce duk labarin da ka cusa a cikin mabuɗi, ka ɗauki alkawarin ba zai sauya ba, kai kuwa ba ka da iko da shi.

Rogo tana da mazaɓu 10, kuma tana bakin iyakar Katsina da Kaduna. Yarinyar da aka yi wa rajista a Zoza za ta yi aure a Gwangwan, ko a ƙetare iyaka gaba ɗaya. Manomi zai sayar da gonarsa ta Fulatan ya sayi wata a Beli. Sai ka zaɓa: ko ka sauya masa lamba ka tuge turke, ko ka bar lambar tana faɗin abin da ba haka yake ba. Ƙasar ma kanta motsi take yi. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, an cire Jigawa daga Kano a 1991. Mutumin Rogo bai ɗaga daga gidansa ba, amma a 2019 ya koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ƙaraye, a watan Mayun 2024 aka rushe ta, a watan Yulin shekarar aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu, da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Wanda ya sa harafin masarauta a cikin mabuɗi, sau uku ke nan cikin shekara biyar.

Irin wannan lamba tana da wurinta. Hukumar zaɓe tana yi wa rumfuna lamba mai gaɓa huɗu, jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da rumfa, Kano kuma ita ce 19. Ya dace, domin rumfa wuri ce, ba ta yin aure ba ta ƙaura. Ko da hakan, lokacin da aka ƙara yawan rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846 a 2021, masu zaɓe da yawa sun koma sababbin rumfuna. Saboda haka mazaɓa gurbinta daban, shekarar shiga gurbinta daban. In sun sauya, gyaran layi ɗaya ne.

Abin da ya rage shi ne lamba kurma, wadda kai ka ƙirƙire ta, ba ta faɗin komai a kan kowa, saboda haka ba abin da zai faru a duniya ya sa ta zama ƙarya. Iri biyu ce, kuma abin da zai raba maka gardama tambaya ɗaya ce: a ina ake haifar sabon layi?

In kwamfuta ɗaya ce

In duk rajista a kwamfuta ɗaya ake yin ta, ko a uwar kwamfuta ɗaya da kowa yake shiga ta intanet, ɗauki lambar jeri: 1, 2, 3. Rumbun ne zai riƙa bayarwa, ba kai ba. A PostgreSQL haka ake rubutawa:

lamba BIGINT GENERATED ALWAYS AS IDENTITY PRIMARY KEY

A MySQL kalmar ita ce AUTO_INCREMENT. A SQLite, wanda shi ne a cikin yawancin manhajojin waya, ka tabbata ka ƙara AUTOINCREMENT, domin in babu ita, ka goge layin ƙarshe, sabon da ya zo zai iya gadon lambarsa, tare da duk bashin da aka manta ɗaure a jikinta. Kada kuma ka rubuta wa manhaja cewa ta nemo lamba mafi girma ta ƙara ɗaya. Ranar da ma'aikata biyu suka danna a tare, lamba ɗaya za su samu.

Ka zaɓi BIGINT, ka bar INT. INT yana tsayawa a 2,147,483,647. Ƙungiyar manoma ba za ta kai nan ba, amma jadawalin cinikin masu POS ko na saƙonni yana iya kaiwa, kuma a watan Nuwamban 2018 manhajar Basecamp ta Amurka ta shafe sa'o'i ba ta karɓar sabon rubutu saboda lambobin wani jadawalinta sun ƙare a daidai wannan iyaka. Bambancin bayit 4 ne kawai a kowane layi.

Za ka ga giɓi: daga 311 sai 314. Rajistar da aka fara aka fasa ta tafi da lambarta. Bar shi haka. Na sha ganin sakatare mai son tsafta yana son ya cike giɓi ko ya sake jera lambobi a farkon shekara, kuma ba abin da ke lalata rumbu kamar wannan. In mai binciken kuɗi yana son rasit marar giɓi, wannan lambar rasit ce, a yi mata gurbinta.

Aibin lambar jeri shi ne ana iya cankar ta. In adireshin takardar manomi a intanet ya ƙare da 312, mai son sani zai gwada 313. A 2019 an gano cewa takardu kusan miliyan 885 na kamfanin First American a Amurka suna buɗe ga duk wanda ya sauya lamba a adireshi. Maganin farko shi ne manhaja ta duba izinin mai nema a kowace buƙata. Na biyu, kada a fitar da lambar jeri waje.

In a gona ake haifar layi

Nan ne aikin yankinmu ya bambanta da abin da ake koyarwa a yawancin darussa. Rajistar manoma ba a ofis ake yin ta ba. Matasa huɗu ne ko biyar, kowa da wayarsa a kan babur, wannan ya nufi Ruwan Bago, wancan Jajaye, wani Zarewa, inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Kowace waya tana ajiye nata, sai an dawo gari da yamma a tura. In kowace ta fara daga 1, da magariba kana da manomi mai lamba 1 har guda biyar.

Tsohuwar dabara ita ce ta littafin rasit: a ba wannan daga 1 zuwa 500, wancan daga 501 zuwa 1,000. Tana aiki, muddin akwai mai riƙe da lissafin rabon, kuma ba wanda ya sake saka manhaja a wayarsa ta koma farko. Ni na daina dogara da ita.

Abin da aka yi domin wannan matsala shi ne UUID. Lamba ce mai bit 128, ana rubuta ta da baƙaƙe 36, kamar haka: 0190b3c2-5e1a-7c44-9f20-6ad1e0b7c913. Kowace waya tana ƙirƙirar tata ba tare da ta tambayi kowa ba. A nau'i na 4, bit 122 daga ciki ƙuri'a ce zalla, kuma faɗin filin ya kai a ce sai an ƙirƙiri kimanin tiriliyan 103 kafin yiwuwar karo ta kai ɗaya cikin biliyan. Duk wanda ya taɓa aikin tattara bayanai da ODK ko KoboToolbox ya riga ya yi amfani da ita, domin kowane fom da aka cike yana fita da tasa.

Kada wannan ya sa ka ce za ka haɗa taka gajeriya, lambobi shida na ƙuri'a. Filin miliyan ɗaya yana kama da yalwa, amma lissafi ya nuna da ka kai wajen mutum 1,200, yiwuwar biyu sun yi karo ta kai rabi. Lissafin nan ne yake nuna cewa a cikin mutum 23, ya fi rabi a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya.

Wata fa'idar UUID, wadda na fi daraja ta da kowace, ita ce ta maimaita turawa. Yaro ya danna tura, sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo, bai san ko ya shiga ba, sai ya sake dannawa. In uwar kwamfuta ce ke ba da lamba, biyan manomi ya shiga sau biyu. In tun a waya aka haifi layin da lambarsa, uwar kwamfuta za ta ce wannan na riga na karɓa. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi sau biyu a wajen mai POS ya san nauyin wannan magana.

Nau'i na 4 yana da nauyinsa. Rumbu yana ajiye fihirisar mabuɗai a jere, kamar katunan asibiti a cikin durowa. Lambar jeri kullum a baya ake sa ta. Lambar ƙuri'a kuwa sai an buɗa tsakiya an cusa, yau nan gobe can. A layi dubu biyar ba za ka ji komai ba. A miliyoyi abin yana jan ƙafa, musamman a MySQL, inda jadawalin kansa a kan jerin mabuɗi yake kwance. Saboda haka ƙa'idar RFC 9562 ta watan Mayun 2024 ta kawo nau'i na 7, wanda bit 48 na farkonsa lokacin ƙirƙira ne, sauran kuma ƙuri'a. Sababbi suna taruwa a baya, karo kuma babu. PostgreSQL 18 ya zo da uuidv7 a cikinsa. In kayan aikinka yana da nau'i na 7, ɗauke shi. In babu, na 4 ya wadatar da duk wata ƙungiya ko makaranta da na sani. Abu biyu dai: na 7 yana tona lokacin da aka yi rajista ga wanda ya iya karanta shi, kuma agogon waya a ƙauye ba abin dogaro ba ne, don haka kada ka ɗauki lokacin da ke cikin mabuɗi a matsayin ranar rajista. Ka kuma ajiye ta a gurbin da aka yi dominta, bayit 16, ba a matsayin rubutu mai baƙaƙe 36 ba.

Lambar da baki zai iya faɗa

Ba dattijon da zai karanto maka baƙaƙe 36 a bakin sito. Mabuɗi na kwamfuta ne, mutane kuma a yi musu lambar kati: gajeriya, lambobi zalla, gurbinta daban, ita ma da ƙa'idar UNIQUE. In kati ya ɓata aka ba da sabo, lambar kati ta sauya, turke yana nan. In dole sai an sa haruffa, a cire O da I da L, saboda kamarsu da sifili da ɗaya.

A ƙarshenta ka ƙara lambar gadi, wato lamba ɗaya da ake lissafowa daga sauran don ta kama kuskuren bugu. Lambar asusun banki mai lambobi 10 da muke amfani da ita tana da irinta a ƙarshe, katin ATM ma haka, da lissafin Hans Peter Luhn na IBM. Ga yadda ake yi. A ce lambar memba 1847 ce. Fara daga dama, ka ninka ta farko, ka tsallake ɗaya, ka ninka ta gaba. 7 ta zama 14, sai ka haɗa 1 da 4 ka sami 5. 4 tana nan. 8 ta zama 16, wato 7. 1 tana nan. Jimla 17. Abin da zai cika ta 20 shi ne 3, don haka a kati za a buga 18473. In ma'aikaci ya juya ya buga 14873, lissafin zai ba da 25, ba ta rabuwa da goma, manhaja ta ƙi karɓa tun manomin yana tsaye. Wannan lissafi yana kama duk kuskuren lamba ɗaya, da juyin lambobi biyu maƙwabta in ban da 09 da 90. Tunda sababbin membobi a gona ake shigar da su, a buga katunan tun a gari da lambobinsu, a raba wa matasan, kowa ya haɗa katin da ya miƙa da layin da ya buɗe.

Abin da mabuɗi ba ya yi

Mabuɗi yana raba layi da layi ne, ba ya gane mutum. Manomi ɗaya zai iya yin rajista a hannun yaron da ya je Rogo Ruma, ya sake yi a hannun na Sabon Gari, ya fito da UUID biyu lafiyayyu. Abin da zai kama shi shi ne gurbin NIN, da rahoton da ke fito da masu kamannin suna da unguwa da waya, sai kuma mai unguwa ko shugaban ƙungiya da ya san fuskar kowa. In an tabbatar mutum ɗaya ne, kada a goge komai. A riƙe layin da ya riga, a mayar da bashi da biyan na biyun kansa, a bar na biyun da alamar an haɗe shi da lamba kaza, domin katinsa yana aljihun wani kuma zai dawo wata rana.

A jadawalin rabo kuma, ban da mabuɗinsa, ka sa ƙa'idar UNIQUE a kan gurbi uku a haɗe: manomi, shekara, irin kaya. Da wannan, ko sakatare ya manta, rumbu ba zai bari mutum ya karɓi takin damina ɗaya sau biyu ba.

Sai Excel, tunda kusan duk rajista ta nan take bi kafin ta shiga rumbu. Yana cinye sifilin farkon lambar waya. In ka rubuta ta da 234 a gaba, sai ya nuna maka wani abu mai E+12, in kuma aka ajiye a CSV a haka, lambobin sun tafi. Ba ya riƙe fiye da lambobi 15, na bayansu sifili yake mayar da su. Duk lambar da ba a tarawa ba a ɗebewa, waya ko NIN ko asusu, mai da gurbinta na rubutu kafin a buga ko guda.

In ka riga ka ɗaure a turken banza

Ana gyarawa, kuma ba sai an rushe ba. Ka zaɓi lokacin da aiki ya lafa, bayan an gama karɓar biyan kaka kafin rajistar noman rani. Ka kwafi rumbun gaba ɗaya a wuri biyu, ɗaya a filashin da ba ya kwana a ofis. Ka buɗe sabon gurbi a jadawalin manoma, ka ba kowane layi sabuwar lamba. Kafin ka taɓa sauran jadawalai, ka fito da duk layin da ake zargin mutum biyu ne a cikinsa, ka zauna da sakatare da littafin rasit ku raba su da hannu, domin wannan ba aikin kwamfuta ba ne. Mu kwana uku muka yi a kai, da rasit a baje kan tabarma. Sannan a kowane jadawali na bashi da biya da gona, ka buɗe gurbin sabuwar lambar, ka cike shi ta hanyar bin tsohuwar. Ka ƙirga layuka kafin da bayan, ka tara jimlar bashi kafin da bayan. In sun bambanta ko da naira ɗaya, tsaya ka nemo ta. Sai sun daidaita za ka ayyana sabon gurbin a matsayin babban mabuɗi, ka kuma gaya wa rumbu ya ƙi karɓar duk bashin da ba ya ɗaure a jikin manomin da ke akwai.

Lambar wayar kuwa ta koma jadawalinta, inda mutum ɗaya zai iya samun layi uku, layi ɗaya kuma ya zama na uba da ɗa, da gurbi a gefe da ake rubuta ko wayar ta wane ce.